Tsohon Alkawari da littafin Yahudawa: ɗaya ne?

An daɗe ana cewa Tsohon Alkawari na Kiristoci shi ne littafin Yahudawa, babu bambanci ko kaɗan. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ta cika ba.

Yahudawa suna ƙirga littattafai 24, Furotesta kuma sun raba waɗannan ɗin zuwa 39. Katolika 46 gare su, don sun haɗa da irin su littafin Tobit. Na Yahudawa ya ƙare da littafin da ake kira Tarihi, na Furotesta da littafin Malakai. Babbar marabar dai tana wajen fahimta: bawan Allah da aka ambata a littafin Ishaya sura 53, Kiristoci sun ce Yesu ne, yawancin malaman Yahudawa kuwa sun ce Isra'ila ce.

Buɗe jerin littattafan kowanne ka ƙirga da kanka. Don Allah a tura wa 'yan'uwa.