Shin duk Hausawa jikokin Bayajida ne?

A Damagaram, sau da yawa za ka ji dattijo a zaure yana cewa duk Bahaushe jikan Bayajida ne, mutumin Bagadaza. Labarin asalin sarauta ne, yana da darajarsa, amma ba lissafin jini ba ne. Ai ko a labarin, mutane ya tarar a Daura suna fama da macijiyar rijiyar Kusugu!

Binciken ƙwayoyin gado ya nuna tushenmu gauraye ne, akasarinsa na Afirka. Shekaru kamar 8,000 da suka wuce, Sahara kore shar take, ga tafkuna. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta ƙasar Nijar, an tono kaburburan masuntan wancan zamani. Da ƙasa ta bushe, jama'a suka gangaro kudu, suka yi auratayya da waɗanda suka iske.