Tsofaffin finafinan Turawa ba su rasa 'yan luwaɗi ba

Sau da yawa za ka ji ana cewa sai a 'yan shekarun nan ne Turawa suka fara saka 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo a fim, wai tsofaffin finafinai babu ruwansu da wannan. Tarihi bai goyi bayan maganar ba. Tun 1919 aka yi Anders als die Andern a Jamus, labarin wani makaɗin gogen Turawa da ake tatsar kuɗinsa da barazanar tona asirinsa. A fim ɗin Morocco na 1930 kuwa, Marlene Dietrich cikin kwat ɗin maza ta sumbaci wata mace a gaban jama'a.

Abin da ya ruɗi mutane shi ne dokar tace finafinai ta Hays a Amurka, wadda aka tsaurara daga 1934. Ta haramta taɓa batun, sai daraktoci suka koma hannunka-mai-sanda. A The Maltese Falcon na 1941, kafin wani mutum a labarin mai suna Joel Cairo ya shigo ofis, katinsa ne ya riga shi, yana tashin ƙamshin fure. Masu kallo da dama a lokacin sun gane inda aka dosa. Haka samarin nan biyu na Rope, fim ɗin darakta Alfred Hitchcock na 1948, masu zama gida ɗaya da suka shaƙe abokinsu.

Kuma kusan kullum irin rawar da ake ba 'yan luwaɗi a fim ke nan: mugu, ko abin dariya, ko wanda zai mutu kafin a tashi fim. An sassauta dokar a 1961, aka yi watsi da ita a 1968.