Gwamnati ba ta iya rufe wa rediyo iyaka

An daɗe ana cewa duk tashar waje da muke ji sai da izinin gwamnatinmu, ran da ta ga dama kuma ta toshe ta. Ba haka abin yake ba.

Gajeren zango sama yake tafiya, ya bugi wani sashe na sararin samaniya ya dawo ƙasa a nisan dubban kilomita. Shi ya sa tun 1957 manomi a ƙauye yake ɗaga eriyar ƙaramar rediyonsa ya kama BBC Hausa. Tsarin raba mitoci tsakanin ƙasashe yana hannun hukumar sadarwa ta duniya, wato ITU, wadda aka kafa a 1865, mai hedikwata a Janeba.

Inda hannun gwamnati ya fi kaiwa shi ne FM, domin na'urar watsa shi a cikin ƙasarta take, lasisi kuma ita ke bayarwa. Da Nijar ta dakatar da RFI a Agustan 2023, da BBC a Disambar 2024, kafar FM ta rufe. Wannan ma ba ƙaramin rashi ba ne, tunda yawancin mutanen birni yau FM suke saurare.