Ahmadu Umaru Fintiri: daga majalisar dokokin Adamawa zuwa gidan gwamnati

Ahmadu Umaru Fintiri ɗan siyasar Najeriya ne ɗan jihar Adamawa, an haife shi ranar 27 ga Oktoba 1967 a Gulak, hedikwatar ƙaramar hukumar Madagali can bakin iyakar Borno. Ɗan ƙabilar Margi ne, ya karanta tarihi a Jami'ar Maiduguri. Tsohon ɗan majalisar dokokin jiha ne, tsohon kakakinta, sau biyu yana riƙon ƙwaryar kujerar gwamna kafin daga baya jama'a su zaɓe shi da ƙuri'arsu a 2019 su sake zaɓarsa a 2023.

Ga ƴan uwa haifaffun nan Makka da Jidda da Madina sai an ɗan yi bayani tukuna, don nan abin da muka sani Majalisar Shura ce mai mutum 150 kuma sarki ne ke naɗa su. A gida Najeriya ba haka bane. Kowace jiha cikin 36 ɗin nan tana da majalisarta ta zaɓaɓɓu, su ke yin dokar jiha, su ke amincewa da kasafin kuɗi, su ke tantance kwamishinoni, in ta kama ma su tsige gwamna. Ta Adamawa kujeru 25 ce. Mutanenmu sun raina kujerar nan, da ka ce wane ɗan majalisar jiha ne sai a taɓe baki a ce ai ƴan amshin shatan gwamna ne, kuma gaskiya da yawansu hakan suke. Toh amma duk abin da Fintiri ya zama daga wannan zauren ya faro.

Zaman majalisa

Ya shiga majalisar a 2007 yana wakiltar mazaɓar Madagali, ya koma a 2011, kafin ƙarshen shekarar abokan aikinsa suka ɗora shi kakaki. Akwai wani sashe a kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 191, da ya ce in babu gwamna babu mataimaki to kakakin majalisa ne zai riƙe jiha na abin da bai wuce wata uku ba har a yi zaɓe. A wasu jihohin sai a yi shekara ashirin ba a waiwayi sashen nan ba, amma a Adamawa kam an sha buɗe shi, tun 2008 da kakaki James Barka ya riƙe jihar bayan kotu ta soke zaɓen gwamna Murtala Nyako.

Na Fintiri na farko ya zo ranar 27 ga Janairu 2012, ranar da Kotun Ƙoli ta ce wa'adin gwamnoni biyar ya riga ya ƙare, na Adamawa da Bayelsa da Kuros Riba da Kogi da Sakkwato. Ya riƙe na ƴan kwanaki, aka yi zaɓe a Fabrairu, Nyako ya dawo, shi kuma ya koma kujerarsa ta kakaki.

2014

Nan ne labarin ya yi zafi. Nyako ya bar PDP ya koma APC tare da wasu gwamnoni a ƙarshen 2013, majalisa kuma tana hannun PDP, sai aka taso da zargin almundahana da dukiyar jiha, aka kafa kwamitin mutum bakwai kamar yadda doka ta tanada, ranar 15 ga Yuli 2014 majalisa ta tsige shi. A ranar ne kuma aka karanta takardar murabus ɗin mataimakinsa Bala James Ngilari a zauren, shikenan babu gwamna babu mataimaki, kakaki ya sake hawa.

Sai dai riƙon ya zo a mummunan lokaci. A ƴan watannin nan ne Boko Haram suka kwararo daga ɓangaren Gwoza suka cinye Madagali da Gulak da Michika, wato mutum yana zaune a gidan gwamnati a Yola garin da aka haife shi yana hannun ƴan bindiga, danginsa da maƙwabta suna cikin masu gudun hijira. Duk wanda yake da ɗan uwa a yankin nan ya san abin da aka gani, mu nan ma kullum cikin jiran waya muke ko wane ya fita ko bai fita ba.

Ya samu tikitin PDP na zaɓen cike gurbi da aka sa ranar 11 ga Oktoba, ana ganin kamar an gama. Saura kwana uku, ranar 8 ga wata, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce murabus ɗin Ngilari bai inganta ba, sabida doka ta ce gwamna ne mataimaki zai rubuta wa takardar murabus, shi kuma Ngilari kakaki ya rubuta wa. Kan wannan kaɗai aka rantsar da Ngilari, zaɓe ya rushe. Daga baya a 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce tsige Nyako ɗin ma ba a bi ƙa'ida ba, Kotun Ƙoli ta tabbatar amma bata mayar da shi ba don wa'adi ya wuce. Ni a ganina wannan tabo ne a tarihin majalisar da Fintiri ya jagoranta kuma bai kamata masoyansa su riƙa tsallake shi ba, mutum ko laifi ya yi yana da haƙƙin a bi masa doka.

Gwamna

A 2015 Jibrilla Bindow na APC ne ya ci jihar. Fintiri ya dawo a 2019 a PDP, zaɓen 9 ga Maris bai kammalu ba sai da aka yi na cikawa a ƙarshen wata, ya kada gwamna mai ci da ƙuri'a 376,552, Bindow na da 336,386. An fi saninsa da tituna da gadojin sama a Jimeta da Yola, da biya wa ɗaliban makarantun gwamnati kuɗin jarabawar WAEC da NECO.

Na 2023 kuwa ba a taɓa ganin irinsa ba. Abokiyar karawarsa Sanata Aishatu Ɗahiru Binani ce ta APC, wadda da ta ci da ita ce mace ta farko da aka zaɓa gwamna a Najeriya. Zaɓen 18 ga Maris shi ma bai kammalu ba, aka yi cikon ranar 15 ga Afrilu, washegari Lahadi da safe ana tsakiyar tattara sakamako sai kwamishinan INEC na jihar, Hudu Yunusa Ari, ya zauna ya ayyana Binani, alhali ba hurumin sa bane, aikin baturen zaɓe ne. Goman ƙarshe na azumi ne lokacin, Makka cike da masu umara, da hantsi mutane basu gama barcin bayan tahajjudi ba bidiyon ya fara yawo a WhatsApp. Bayan tarawihi na tarar da wasu dattawa ƴan Mubi a wajen mai shayi a titin Shara Mansur na nan Makka, waya ɗaya mutum shida sun sunkuya a kanta, ɗaya yana ta cewa a maido baya a maido baya, shayinsa ya huce bai kurɓa ba. Ba ɗayansu da ya jefa ƙuri'a, don har yau ɗan Najeriya da ke waje ba ya zaɓe, amma gardamar sai da ta kai sahur. INEC ta soke sanarwar a ranar, ranar Talata 18 ga wata Farfesa Mohammed Mele ya bayyana Fintiri da 430,861, Binani 398,738. Kotun Ƙoli ta rufe shari'ar a Janairun 2024. Mataimakiyarsa a wannan zangon Farfesa Kaletapwa Farauta ce, mace ta farko a muƙamin a jihar.

A Disamban 2024 ya sa hannu kan dokar da ta ƙirƙiro sabbin masarautu bakwai, ciki har da Fufore da Maiha da Madagali, abin da ya rage faɗin ƙasar Lamiɗon Adamawa da ta Sarkin Mubi. Ƙabilun da suka daɗe suna neman nasu sarki sun yi murna, masu kishin tsohuwar masarautar Fombina, wato ta Lamiɗon Adamawa, kuma har yanzu ransu a ɓace yake. Dokar nan ma ta majalisar jihar ta bi, cikin ƴan kwanaki. Zangonsa na biyu zai ƙare ranar 29 ga Mayu 2027.