Digiri na biyu ko na uku a injiniyancin na'urorin lantarki: tambayoyin da ake yawan yi a Samaru

Duk sa'ad da Jami'ar Ahmadu Bello ta fara sayar da fom na karatun gaba da digirin farko, sai ƙannenmu da suka gama bautar ƙasa su yi ta aiko da tambayoyi. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Yaya, ba ci gaban digirin farko ba ne kawai?

A'a. A mastas za ka zauna aji zango biyu ko makamancin haka, daga nan a sake ka da matsalarka. A digiri na uku kuwa kusan komai bincike ne. Ba mai ba ka takardar tambayoyi. Kai za ka nemo tambayar, ka kare ta a semina, ka amsa ta, sannan wani malami daga wata jami'a ya zo ya titsiye ka ranar difens, wato ranar kare kundin bincikenka.

Wane sashe zan nema?

Tsangayar injiniyanci tana Samaru, kuma aikin lantarki ya rabu: akwai masu wutar lantarki kanta, akwai masu kwamfuta, akwai masu na'urori da sadarwa. In abin da ke ranka shi ne eriya, siginar waya ko haɗa da'ira a kan allo, na ƙarshen nan ne gidanka. Mai HND, ko daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya ya fito ko daga wani wuri, yawanci sai ya bi ta PGD, wato difloma ta share fagen mastas, tukuna.

Wane batu zan ɗauka?

Nan ne mutane ke faɗawa rijiya. Ɗalibi zai ga takarda daga Jamus ko Koriya, ya ce shi ma abin da zai yi ke nan, alhali na'urar da aka auna sakamakon da ita ba ta taɓa shigowa ƙasar nan ba. Shekara biyu yana zane a MATLAB, manhajar lissafi da gwaji a kwamfuta, ba abin da ya taɓa da hannu. Ba aibu ba ne a gwada abu a kwamfuta, amma mai jarrabawa zai tambaya: da me ka tabbatar?

Ni a ganina, ka leƙa waje. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo na rufe Zariya. Ƙurar nan tana rage abin da faifan sola ke bayarwa, kuma tasirinta a kan siginar rediyo mai tsananin mita abin aunawa ne. Wanda ke Turai sai ya ƙirƙiro ƙura a ɗakin gwaji, kai kuwa kyauta take zuwar maka har kan rufin ɗaki. Haka zafin Afrilu da abin da yake yi wa batir da inbata, ko na'urar auna damshin ƙasa ga masu noman rani a bakin kogin Galma. Ƙaramin allon Arduino, wato 'yar kwamfutar sarrafa na'urori, da 'yan na'urorin awo da aka daidaita da kyau suna iya tara bayanan da babu mai irinsu. Sai dai ka tuna, in hunturu ya wuce ba ka gama haɗa na'urarka ba, sai baɗi.

Sufabaiza, wato malamin da zai duba aikina, fa?

Kafin ka cike fom, karanta abin da malamin ya wallafa a shekarun nan, sannan ka tambayi ɗalibansa, ba a gabansa ba, kwana nawa babi ke yi a teburinsa. Babban suna ba ya karanta babi.

Kuɗi daga ina?

Tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, ta makarantarsu ake nema. PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, ta fi karkata ga abin da ya shafi mai da makamashi. Mafi yawan ɗalibai da albashinsu suke yi. Kuɗin makaranta ma ba shi ne mai ciwo ba. Kayan haɗi da dala ake sayo su, wani ɗan ƙwayar da bai kai ƙwayar wake ba sai an yi odarsa daga Sin, ya zo bayan makonni, ya ƙone a gwajin farko. Sayi uku.

Shekara nawa zan yi?

Abin da ke takarda daban, abin da ke ƙasa daban. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mai aiki a Kaduna ko Kano da ke shigowa ƙarshen mako ya ƙara wa lissafinsa shekara guda, ya kuma gaya wa iyalinsa tun yanzu.