Fim ɗin Parasite: wa ya isa kallo, wa bai isa ba?

Tun da wannan fim na Koriya ta Kudu ya lashe kyaututtukan Oscar 4 a 2020 nake shan tambayoyi iri ɗaya, yawancinsu kuma bayan an riga an kunna wa yara. Ga amsoshin a wuri guda, don bakina ya gaji.

Ba fim ɗin barkwanci ba ne?

A farkonsa, e. Iyalan Kim, talakawan da ke zaune a ɗakin da rabinsa ke cikin ƙasa, suna ta kutsawa aiki gidan attajiri Park ɗaya bayan ɗaya da ƙarya, kuma dole ka dara. Daga daren da tsohuwar mai aikin gidan ta danna ƙararrawar ƙofa ana tsuga ruwa, labari ya sha bamban. Dariyar farkon nan ita ke sa iyaye sakin jiki, har su tashi su bar yara a gaban talabijin.

Shekara nawa aka ƙayyade masa?

15 a Koriya ta Kudu, 15 a Birtaniya, R a Amurka.

Me R ke nufi?

Wanda bai kai 17 ba, ba zai shiga sinima ba sai da uwa ko uba ko babban da ke kula da shi. Ita 15 ta Birtaniya ba ta da wannan sassauci. Ɗan 14 ko da mahaifinsa ya riƙo hannunsa, a bakin ƙofa zai tsaya.

Amma ai ya ci manyan kyaututtuka, zai ɓata yaro?

Haba jama'a! Alƙalan bikin finafinai na Cannes a Faransa da suka ba daraktan fim ɗin, Bong Joon-ho, babbar kyautar bikin ta Palme d'Or a 2019 gwanintar aiki suka duba. Ba wanda ya tambaye su ko ɗiyarka 'yar shekara 9 za ta iya barci bayan ta gani.

To me ke ciki?

An hankaɗo mace daga matakala, an rotsa wa saurayi dutse a ka jini ya malala a ƙasa, an daba wa mutane wuƙa da rana tsaka a bikin zagayowar haihuwar yaro. Akwai ashar. Akwai wurin da mata da miji ke shafe-shafe a kan kujera, da tufafinsu a jiki, amma ya ɗauki lokaci kuma kalamansu ba na kunnen yara ba ne.

Ɗana shekararsa 14, yana da hankali, in bar shi?

Wannan ce ba na iya amsawa da kalma ɗaya. Lambar da hukuma ta sa ba ta san ɗanka ba, kai ka san shi, kuma tsakanin 14 da 15 wani lokaci 'yan watanni ne. Amma "yana da hankali" ba ya nufin zuciyarsa ta iya ɗaukar komai. Akwai yaron da jini bai dame shi ba, sai dai wurin da ƙaramin ɗan gidan ke zaune cikin dare yana cin kek, ya ga kan mutum yana tasowa daga duhun matakala, idanu a zare, wannan ne zai bi shi har shimfiɗa. Wani kuma abin da zai tsaya masa a rai shi ne yadda attajirin ke toshe hanci saboda warin talaka, musamman idan shi ma ya taɓa jin irin wannan ƙasƙanci a gidan wani.

In ni ne, zan fara kallonsa ni kaɗai, duka minti 132 ɗin, ba tsallake-tsallake. Idan na ga zan iya, sai mu zauna tare, rimot a hannuna, in wuce wurin kujerar nan. Sai dai ka sani, yawancinmu ba za mu iya zama da ɗa a irin wannan wuri ba saboda kunya, kuma in ka ji haka, jinkirta shi ya fi. Fim ɗin ba ya gudu. Idan kuwa akwai ƙannensa a ɗakin, ko yaron mai firgita ne da dare, ko an yi rashi a gidan kwanan nan, amsata a'a ce.

Wanda aka tura mini a waya ba shi da wata alama.

Haka suke. Hukumar tace finafinai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1993, tana da nata matakan, har da 15 da 18, amma fim ɗin da ka karɓo a shagon masu turi bai bi ta hannunta ba. Rubuta sunan fim ɗin da BBFC, wato hukumar tace finafinai ta Birtaniya, a intanet, ka karanta bayanin da ke gefen lambar. Minti biyu ya ishe ka.

Na makara, 'yata ta riga ta gani.

Kwantar da hankalinki, kada ki yi mata faɗa. Tambaye ta wane wuri ne ya tsorata ta, ki bari ta faɗa da bakinta, ki gaya mata cewa 'yan wasa ne kuma jinin na ƙarya ne. In ta nemi kwana a ɗakinki yau da gobe, ki bar ta.