Ƙarar waya da aikin yini: amsar tambayoyin da ake yawan yi mini

Ina koyarwa a wata firamare da ke tsakanin Ringim da Taura. Da yake ni nake taya mutane buɗe imel da gyara saitin waya, ba a cika kwana biyu ba a tare ni da tambaya kan ƙarar saƙonnin waya a majalisa bayan La'asar ba. Maganar tana damuna ƙwarai, domin ina ganin mutane masu ƙwazo suna wuni a kan aiki, aikin ba ya auki, kuma ba su san ta inda lokacin yake zurarewa ba.

Tambaya: Malam, duba saƙo ai ƙiftawar ido ne. Ina asarar take?

Amsa: Asarar tana wajen dawowa. Wata ranar kasuwar Gujungu na tsaya gaban wani mai awon gero yana cika wa wani dattijo buhu. Ya wuce kwano ashirin, sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya zaro, ya leƙa, ya mayar, duka bai fi daƙiƙa biyar ba. Da ya sake cika kwano sai ya tsaya cak: "Baba, nawa muka ce?" Dattijo ya ce 27, shi ya ce 26. Sai da aka juye buhun a kan tabarma aka faro awo daga ɗaya, ga masu saye biyu a tsaye suna jira. Saƙon kuwa, in ji shi, hoton barka da safiya ne aka tura zauren WhatsApp na 'yan ajinsu.

Masana sun auna irin wannan. Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka ta daɗe tana bin diddigin ma'aikatan ofis, ta gano cewa in aka katse mutum yakan ɗauki fiye da minti 20 kafin ya koma kan aikinsa na farko, saboda sai ya biya ta kan wasu ayyukan tukuna. Ta kuma ce a 2004 mutum yakan tsaya kimanin minti biyu da rabi a kan abu guda a kwamfuta, amma a shekarun baya-bayan nan ya koma kimanin daƙiƙa 47. A ofis aka yi binciken, to amma tela mai yanka shadda da malami mai haɗa makin jarrabawa da mai POS mai ƙirga kuɗi duk da hankali guda suke aiki.

Tambaya: To in na ji ƙarar amma ban taɓa wayar ba fa?

Amsa: Ko hakan ma yana ci. A 2015 masu bincike a Jami'ar Jihar Fulorida sun ba ɗalibai aiki mai buƙatar natsuwa, suka riƙa kiran wasu da tura wa wasu saƙo. Waɗanda suka ji ƙarar sun fi yin kuskure, alhali ba su ɗauki wayar ba. Zuciya ce take tafiya tambayar wa ya turo, me ya ce.

Tambaya: Mu nan ƙauye ai imel bai dame mu ba.

Amsa: Gaskiya ne, sai ɗalibi mai jiran labarin JAMB ko ma'aikaci mai jiran takarda. Su ma duba sau biyu ko uku a rana ya ishe su. Wani gwaji da aka yi a Kanada ya nuna cewa mutanen da aka taƙaita wa duba imel zuwa sau uku a yini sun samu sauƙin damuwa. Namu ciwon WhatsApp ne: zauren dangi, na unguwa, na ƙungiyar manoma, na siyasa, na tsofaffin ɗalibai.

Tambaya: Amma wayar nan ita ce shagona. Kashe ta zan yi?

Amsa: A'a. Manomin rani da ke jiran dillali ya faɗa masa farashin shinkafa a Haɗejiya, ko mai dabbobin da ke jiran mota zuwa Maigatari ranar Alhamis, bai kamata ya kashe waya ba. Tantancewa za ka yi. Ka bar ƙarar kira da ta alat ɗin banki. Kowane zaure ka shiga ka rufe masa baki. WhatsApp yana ba ka zaɓin awa 8, ko mako guda, ko dindindin. Ba wanda zai san ka yi, saƙonnin suna nan suna jiranka, kuma in an ambaci sunanka za ka gani. Saƙonnin talla na kamfanonin layi kuwa, tun 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta samar da lambar 2442: ka rubuta STOP ka tura mata. Masu POS, ku tuna cewa ana iya ƙirƙirar alat na bogi, don haka ƙarar saƙo ba shaida ba ce, sai ka shiga manhajar banki ka ga kuɗin da idonka.

Tambaya: In ban amsa da wuri ba, ba za a ce na yi girman kai ba?

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma ba na ɗaukar ta da wasa. Mun taso a kan cewa in an yi sallama sai a amsa, in babba ya kira sai a bar komai. Sai muka ɗauki wannan ladabi muka ɗora wa kowane tsit na waya. Amma ka duba yadda iyayenmu suke yi. Mutum yana huɗa a gona, mai wucewa ya ce "sannu da aiki", ya amsa bai ajiye garma ba. Mai doguwar magana kuwa ya san sai bayan Magariba zai same shi a ƙofar gida, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan wulaƙanci.

Abin da nake yi shi ne, na sanar da mutanena. Na ce wa yayata: "Yaya, daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya ina aji, in abu na gaggawa ne ki kira, kar ki turo saƙo." Ta ce ai hakan ya fi mata. Lambarta da ta Inna da ta maiɗakina na sa musu tauraro, na kunna tsarin hana damuwa da ke cikin saitin waya, kiransu kaɗai yake shigowa. Bayan Azahar nakan zauna na bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya, na amsa gaisuwa da cikakkiyar gaisuwa, na kira wanda aka yi wa rasuwa da baki.

Tambaya: Shugabana yana turo saƙon aiki da daddare. Dole na amsa?

Amsa: A Faransa, tun Janairun 2017 doka ta wajabta wa manyan kamfanoni su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin ajiye saƙon aiki bayan an tashi. Wannan a can ne. Kai dai ka sami shugaban naka cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, in da gaggawa a kira ni, sauran zan gani da asuba in sha Allah."

Tambaya: Wai da gaske rufe sanarwar saƙonni yana rage shan caji?

Amsa: Yana ragewa. Duk sanarwar da ta shigo sai fuskar waya ta yi haske, ta yi ƙugi, kai kuma ka buɗe. Ga wanda yake kai waya wurin mai caji ya biya, wannan kuɗi ne. Ka kuma shiga saitin WhatsApp ka hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, sai wanda ka danna, domin ta nan data ta fi tsiyayewa.